Kawu, Injin Wanki, Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kwando mai cike da kayan datti, matar gidan ƙarshe a layin bayan makarantar firamare, a sabuwar unguwar nan ta bayan gari inda kowane gida ya yi kama da na kusa da shi, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa aron bokitinta bai mayar ba, rasuwar injin wankinta wanda aka fi sani da Kawu. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, yana tsakiyar matse zanin gado, bayan doguwar jinyar da kowa a gidan ya ji da kunnensa, amma babu wanda ya taɓa leƙowa ya ce yaya jiki.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da aka haifi ɗa na biyu, ɗaure da igiya a bayan akori-kura. Maigida ne ya sayo shi, kuma har gobe yana ba baƙi labarin kamar shi ya ƙera shi da hannunsa. Ya ce ya sayo ne don matarsa ta huta. Ta kuwa huta. Tun daga ranar, duk wanda ya saba yin kwana biyu da riga ɗaya sai ya koma canzawa safe da yamma, tunda ai inji ne ke wankewa. A fahimtar mutanen gidan, injin ne kuma yake bi ɗaki-ɗaki yana zaƙulo safa daga ƙarƙashin gado, shi yake zazzage aljihu, shi yake shanya, shi yake kwashewa da gudu idan hadari ya taso, shi yake ninkewa ya jera a durowa. Matar gidan ba ta taɓa yi musu gardama ba, don ta lura aikin nata ya fi samun yabo idan aka ɗauka injin ne ya yi.

Yara ne suka raɗa masa suna Kawu, saboda tari da gunaguni, da kuma yadda idan ya zo matsa yake tasowa daga jikin bango yana rangaji har bakin ƙofa, sai an tura shi ya koma mazauninsa. Mai makoki ta karɓi sunan hannu biyu. A shaidarta, marigayin shi kaɗai ne namijin da ya taɓa wanke wani abu a gidan nan.

Ga waɗanda ba su san mai makokin ba sai a bakin ƙofar makaranta, hannu ɗaya riƙe da gorar ruwan auta, ɗayan riƙe da autan kansa, ya kamata a bayyana cewa kafin ta zama maman wane ta taɓa zama mutum. Mai sanarwa ce a wani gidan rediyo a cikin gari, kuma sanarwar rasuwa ce fanninta. Masu ganin aikin banza ne ba su taɓa gwadawa ba. Akwai inda ake jan numfashi kafin a ambaci mamaci. Akwai yadda ake sassauta murya idan an zo kan 'ya'yan da ya bari, ba tare da an yi musu kukan da ba a aike ka ba. Ba a sauri, ba a rangwaɗa, ba a haɗiye yawu kusa da makirfo. Ta iya wannan duka har ana cewa idan ita ta karanta, mamaci ko azzalumi ne sai an ji tausayinsa. A can maigida ya same ta. Ya kawo sanarwar kakansa, ya tsaya a bayan gilashi ya ji ta karanta, daga nan ya yi ta dawowa da sanarwar dangi na nesa da na maƙwabtan dangi, har abokan aikinta suka fara tambaya ko annoba ce ta sauka a zuriyarsu. Ya rantse mata cewa ko cikin kasuwa ta yi tari zai gane ta.

Sai aka yi aure, aka haihu, aka samu gida a bayan gari mai ɗan fili a gaba da katanga mai tsawo. Hanya ta yi nisa, cunkoson motoci ya yi yawa, jaririya ba ta karɓar kowa. Aka ce ta ɗan dakata da aikin, na ɗan lokaci ne. Jaririyar nan yanzu ta fi uwarta tsawo, tana kuma gyara mata yadda ake riƙe waya. Muryar da gari guda yake yin tsit dominta ta koma aikin sauko-daga-nan, wa-ya-bar-famfo, ina-ɗayan-takalmin. Ta dushe, ta yi kaushi, ta koyi tsallake ɗaki uku ta isa kunnen yaro, yaron kuma ya koyi barinta ta wuce ta kansa. Abin da mai makoki take tsoro, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne kada a ce muryar ta mutu tuntuni, ita ce ba a sanar da ita ba.

Nan ne za a fara lissafa alherin marigayi. Ɗakinsa wani ɗan lungu ne a bayan kicin, mai ƙaramar taga, da kanta ɗaya ta garin sabulu, da tsintsiya, da keken auta wanda tayarsa ta fashe tun bara. Bututun da yake zubar da ruwansa ya huda bango ya bi ta ƙarƙashin tagar ɗakin baƙi. Idan aka kunna shi yakan fara da tsiii na ɗibar ruwa, ya koma gur-gur-gur na mai tauna tsohon ɓacin rai, sannan idan matsa ta zo ya ɓarke da ƙwaram-ƙwaram-ƙwaram har cokulan kicin su amsa. Wata rana yana cikin wannan, matar gidan ta buge gwiwa da bokiti, ta saki wata kalma da ƙarfi, irin wadda ba a so yara su koya. Babbar 'yarta tana wucewa ta bakin ƙofa, ko waiwaye ba ta yi ba. Uwar ta sake gwadawa, wannan karon da sunan 'yar. Shiru. Ta kuma lura da wani abu da ya fi wannan daɗi: muddin Kawu yana aiki babu mai kusantar lungun, don kowa na tsoron a ɗora masa shanya.

Ta tura ƙofa. Jar fitilar gaban injin tana kunne, irin wadda take kunnuwa a sutudiyo idan an buɗe makirfo. Ta ɗauki burushin wanki ta riƙe a gaban baki, ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi a inda ake ja, ta sanar da rasuwar wata safa shuɗiya wadda ta rasu ta bar 'yar uwarta ɗaya a kwando. Muryar ta fito da tsatsa, ta karye a tsakiya. Ta yi kuka ranar, ba don safar ba. Kawu ya rufe kukan kamar yadda ya rufe sanarwar, kuma bai taɓa tada zancen ba.

Daga safa ta koma marfin tukunya, daga marfin tukunya ta koma furen bakin ƙofa da yara suka yi wa fitsari har ya ce ga garinku nan. Sannu a hankali tsatsar ta kakkaɓe. Da muryar ta dawo sosai, sai ta ga bai dace a ɓata ta a kan kayan kicin ba, ta koma kan mutane. Shugabar ƙungiyar iyayen makaranta, wadda ke cika wayar kowa da saƙon murya a kan launin safar wasanni, ta rasu bayan ta yi shiru bisa kuskure, jikinta bai saba ba. Maƙwabciyar da ke zagaye layi da kayan motsa jiki tana tsayawa ƙofa-ƙofa tana ba da shawara a kan tumbi, ta yi ta ramewa har iska ta yi gaba da ita, ana roƙon duk wanda ya gan ta a kan wayar lantarki ya ƙyale ta a can. Uwar maigida, surukarta, wadda ta zo ganin likitan gwiwa na 'yan kwanaki har damina ta zagayo ta same ta a ɗakin baƙi, ta rasu sau da dama, yawanci gulma ce ke shaƙe ta. Yara kaɗai ba ta taɓa sakawa ba. Ba halinsu ne ya cece su ba, don babbar ta sha yin abin da ya isa a saka ta. Bakin uwar ne kawai ba ya iya furtawa.

Maigida kuwa ya fi kowa yawan rasuwa. Ya taɓa ɓacewa a babban kanti an aike shi sayen gishiri. Ya taɓa cikawa yana neman makullin motar da ke hannunsa. Ya taɓa faɗuwa matacce don gajiya bayan ya riƙe auta na tsawon lokacin da uwar ta shiga wanka, aka yi masa jana'izar jarumai. Duk wannan marigayi Kawu ya ji, ya haɗa da ruwan kumfa ya zubar. Mai makoki takan fito daga lungun fuska a sake, ta ɗora tukunya, ta yi wa mamatan sannu da zuwa. Maƙwabta suna yaba haƙurinta, shugabar iyaye har ta taɓa kafa misali da ita a taro.

Game da jinyar marigayi, ciwon ya daɗe. Ƙarar da ake ɗauka halinsa ne, ashe cuta ce. Mai gyara ya zo sau da yawa, ya canza bel, ya canza roba, ya ciro maɓalli da ƙusa da kan 'yar tsana daga cikin majinyacin. Kowane zuwa sai ya ce boris, wato ƙarfen da gangar cikin take juyawa a kai, ya cinye, shi ke kawo ƙarar, idan aka canza shi injin zai koma shiru kamar sabo. Kowane zuwa matar gidan sai ta kawo masa shayi da burodi, ta ce ya gyara komai amma ya bar wannan. Mai gyara ya kalle ta, ya kalli injin, ya shanye shayinsa. Maigida da ya ji labarin sama-sama ya yanke hukunci daga kan kujera cewa mata ba su iya riƙon kaya ba. Akwai masu cewa yawan aiki ma ya taimaka, don an sha ganin labulen gidan a kan igiya alhali jiya-jiya aka wanke su, kuma tawul ɗin baƙi ya koɗe ba tare da wani baƙo ya taɓa goge fuska da shi ba. Mai makoki ba ta da abin cewa a kan wannan, sai dai ta tunatar da jama'a cewa ba a binciken gawa a gidan makoki.

Ranar da abin zai faru, maigida yana falo da abokan aikinsa biyu, kowa ya duƙufa kan wayarsa, suna jiran abincin rana. Da safe ya tsaya daga ƙofar kicin ya tambayi ko akwai ruwan sanyi, alhali kafaɗarsa tana jingine da firji. Matar gidan ta miƙa masa, ta ajiye abin a ranta. Da ta ɗora shinkafa sai ta yaye zanin gadon da bai yi datti ba, ta shiga lungu, ta tura ƙofa. Kawu ya ɗebi ruwa, ya yi gunaguninsa, ya shiga matsa. Ta ɗauki burushi, ta rufe ido kamar yadda ta saba tun a sutudiyo. Wannan rufe idon shi ne kuskuren, don mai sanarwa ta gaske idan ta fara ba ta jin komai sai muryarta.

Ƙwaram-ƙwaram, in ji marigayi. Ƙwaram. Ƙiii. Dif.

Kalamansa na ƙarshe ke nan, kuma wadda ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa ba ta ji su ba. Tana can tana karantawa, da cikakkiyar muryar da aka horar don ta cika gari:

“Ana sanar da rasuwar wani magidanci, wanda ya cika yau da hantsi sakamakon ƙishirwa, a tsaye a gaban firji cike da ruwa. Marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kira matarsa, ya sake kira, ya jira. Bincike ya nuna cewa har ya koma ga Mahaliccinsa bai san ta wane gefe ake buɗe ƙofar ba. Ya rasu ya bar mata ɗaya, wadda ake sa ran za ta farfaɗo.”

Ta buɗe ido. Jar fitila a mace. Gidan ya yi tsit, har tana jin tafasar shinkafa daga kicin. Ta tsaya da burushi a hannu. Ta ji tsoro, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani farin ciki mara kunya: yau dai ya ji. Zai yi faɗa, zai kumbura, watakila ya yi kwanaki ba ya cin abincinta, amma zai san cewa muryar nan da ya yi ta kashe danginsa don ya saurara tana nan da ranta a bayan kicin ɗinsa. Ta ajiye burushi, ta goge hannu a zani, ta fito falo a shirye take da ko mene ne.

Ta tarar da su suna dariya har ɗaya ya zame daga kujera. Maigida yana share hawaye da bayan hannu.

“Maman yara, wace tasha kika kamo haka?” in ji shi. “Kai, wannan mutumin sakarai ne na ƙarshe. A gaban firji fa.”

Abokan suka ce wallahi akwai irinsu da yawa. Ta tsaya tana kallonsa, tana ba shi lokaci.

“Amma kin ji murya ko?” Ya juya ga abokansa. “Ita ma da haka take, wallahi, kafin ta koma ihu.” Ya miƙo mata kofi ba tare da ya ɗago ba. “Ƙaro mana ruwan sanyi.”

Ta ƙaro. Ana so jama'a su sani cewa a wannan lokacin ne aka yi rashin, ba lokacin da injin ya tsaya ba. Ta taɓa karanta sanarwar mutanen da suka bar 'ya'ya ƙanana ba ta yi rawar murya ba, amma ranar da ƙyar ta iya cewa ga shi.

Tana komawa kicin sai surukarta ta kira ta daga ɗakin baƙi. Tsohuwar tana kan kujerarta ta kullum a gindin taga, ƙafa a miƙe kan matashi.

“Turo ƙofar,” in ji ta. “Wancan makon kin ce gulma ce ta shaƙe ni. Kafin nan kin ce kujera ce ta haɗiye ni, aka binne mu tare. Na fi son ta kujerar.”

Matar gidan ta turo ƙofar.

“Bututun nan ba ruwa kaɗai yake kawowa ba, 'yar nan. Me kike tsammani ya zaunar da ni a gidan nan, girkinki?” Tsohuwar ta gyara matashin. “Ɗana ba shi da kunne, haka ubansa ya rayu ya mutu. Idan tawa ta gaskiya ta zo, ke za ki karanta. Ban yarda da yaran yanzu ba, karatu suke kamar an biyo su. Amma kin fara haɗiye ƙarshen kalma, ki gyara kafin lokacin. Shinkafarki tana kamawa.”

Shinkafar ta kama, aka ci haka nan. A duk faɗin gidan, mai sauraro ɗaya da Allah ya ba ta ita ce matar da ta fi kashewa bayan maigida, kuma ko ita sai da ta haɗa da gyara.

Marigayi Kawu ya rasu ya bar kwando biyu cike, da zanin gado ɗaya jiƙe a cikinsa wanda sai da aka buɗe ƙofar da ƙarfi aka ciro, da safa marayu da ba a san adadinsu ba, da igiyar shanya wadda ta yi zawarci tun ranar. Ya bar babbar 'yar gidan, wadda da aka gaya mata rasuwar ta tambaya ko shuɗiyar rigarta tana ciki, da aka ce a'a ta mayar da abin jin waƙa kunnenta. Ya bar na tsakiya, wanda har yanzu bai san an yi rashin ba, yana ci gaba da jefa kayan ƙwallonsa cikin gawar, ya rufe, ya dawo da yamma ya yi mamaki. Ya bar auta, wanda shi kaɗai ya yi kuka, kuma da aka rarrashe shi aka gano yana so ne a ba shi gangar cikin ya riƙa shiga. Ya bar maigida, wanda ya tsaya a kan gawar hannu a ƙugu, ya ɗan shure ta da ƙafa, ya ce dama ya faɗa.

Ya kuma bar magaji. Maigida, cikin karamcin da aka san shi da shi, ya sa an kawo sabon inji tun kafin gawar ta huce. Yana nan a baranda cikin kwalinsa, fari tas, da maɓallai kamar na jirgin sama. Maigida ya zagaya shi yana bubbuga kwalin, ya ce wannan ko jariri aka kwantar a kansa ba zai farka ba. Ya ce yanzu an huta da hayaniya, duk inda take a gidan idan an kira ta za ta ji. Yara suka yi tafi. Mai makoki ta yi godiya kamar yadda aka koya mata, ta shiga banɗaki ta daɗe, har sai da aka ƙwanƙwasa aka tambaye ta inda almakashi yake.

Washegari da kowa ya fita, ta zauna a kan gawar marigayi ta kira tsohon gidan rediyonta. Duk waɗanda ta sani sun yi ritaya, wasu ma an riga an karanta tasu. Wani matashin manaja ya ɗauka. Bai taɓa jin labarinta ba, ya kira ta Mama tun kafin ta gama gaisuwa, ya bayyana mata cikin ladabi cewa yanzu masu sauraro sun fi son raha da kiɗa. Sai dai, in ji shi, akwai filin sanarwar rasuwa, wanda ma'aikatansa ke gudu kamar aikin shara, har sai an yi ƙuri'a. Ya ce ta ɗan karanta wani abu ya ji, ta kuma ji ƙarar cokali a kofi, alamar ya riga ya koma kan shayinsa. Ba ta da takarda a hannu. Ta rufe ido, ta ja numfashi a inda ake ja, ta sanar da rasuwar Kawu, wanda ya yi wa gida hidima bai taɓa neman a gode masa ba, ya rufa asiri har ƙarshen ransa, ya cika a bakin aiki. Ba ta haɗiye ƙarshen kalma ko ɗaya ba.

Cokalin ya tsaya. Can manajan ya yi gyaran murya.

“Allah ya ba ku haƙuri, Mama,” in ji shi a hankali. “Kawunku ne na wajen uwa ko na wajen uba?”

Ta ce na wajen wanki ne, ya ce Allah sarki, bai ma ji ba. Ya tambaye ta yaushe za ta iya farawa.

Dangane da jana'iza, ga yadda aka tsara. Za a fitar da gawar ranar Litinin da safe, bayan an kai yara makaranta. 'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ne za su ɗauke ta, sun kuma yi alkawarin ba za su fara fasa ta a gaban mai makoki ba. Ba a buƙatar masu jawabi. Shugabar ƙungiyar iyaye, idan ta matsu, tana iya turo saƙon murya, za a goge shi cikin girmamawa. Maƙwabciya mai motsa jiki tana iya raka gawar da gudu har babban titi, ta ci gaba daga nan. Burushin wanki ba ya cikin kayan gado, mai makoki ta riga ta saka shi a jakarta.

Mai makoki za ta bi motar gawar a gidan gaba, kusa da direba, tunda hanyarsu ɗaya ce har cikin gari, kuma motar gidan tana wurin wanda ke neman makullinta. Ba za a yi zaman makoki ba, don ba za a same ta a gida ba, ranar da sauran ranakun aiki. Masu son yin ta'aziyya suna iya zuwa da yamma, kowa da bokitinsa da sabulunsa, za su tarar da kwanduna a inda marigayi ya bar su. Sabon injin yana nan cikin kwali, takardar bayaninsa tana ciki, an ce da harsuna da yawa aka rubuta ta, ana fatan maigida zai samu wanda yake ji a cikinsu. An ajiye wa suruka ƙaramin rediyo a kan taga, an kamo mata tashar, ta ce za ta saurara ne kawai don ta ji kurakurai.

Maigida kuma, idan ya ji wata murya a rediyon mota ta burge shi, ba sai ya wahalar da kansa wajen gane mai ita ba, an yafe masa. Abincin rana yana cikin firji, ruwan sanyi yana ƙasa. Hannun ƙofar yana gefen dama. Ja ake yi.